Wa zai ba mu Hausar "skating on thin ice"?

1/ Jama'a, masu fassarar labarai suna yawan cin karo da wannan karin maganar, musamman idan ana batun ɗan siyasa ko kocin ƙwallon da kujerarsa ke rawa. Wasu kan rubuta "yana zamiya a kan siririyar ƙanƙara". Bahaushen da ya san ƙanƙara a leda ko a ruwan sama me zai tsinta a nan?

2/ Asalinta daga ƙasashen sanyi ne, inda tafki ke daskarewa a hunturu har a yi wasan zamiya a kansa. Daga sama duk fari ne fes, ba ka gane inda ya yi kauri da inda bai yi ba, ruwan da ke ƙasa kuwa sanyinsa na kisa. Akan ce sai kaurin ya kai kamar santimita 10 kafin mutum ya taka. A lardin Friesland na ƙasar Holan akwai tseren kusan kilomita 200 da ba a yin sa sai ƙanƙara ta kai santimita 15, kuma rabon da a yi shi tun 1997.

3/ To ma'anar ke nan: mutum na cikin haɗari, amma yana ta harkarsa kamar ba komai. Galibi kuma gargaɗi ce daga na sama zuwa na ƙasa.

4/ An kawo "kasada". Ban yarda ba. Kasada ɗan kasuwa ke yi ido buɗe, har yabonsa ake yi in ta yi kyau. "Ƙundumbala" kuma tsalle ɗaya ce, a yi ta ta ƙare, alhali shi mai zamiyar kullum yana kan ƙanƙarar, bai ma san ya kusa ruftawa ba.

5/ "Wasa da wuta" ta matso, sai dai Turawa na da tasu daban mai wannan lafazin, kuma wuta kowa na ganinta. "Tafiya kan siraɗi" ta yi nauyi, a bar wa malamai.

6/ Ni dai na tsaya kan "wasa a bakin rijiya". Ba ƙirƙira ba ce, tun kakanni ana cewa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Akwai ramin, akwai rashin ganinsa, akwai gangancin. Sai a ce: "Kocin na wasa a bakin rijiya, ya sake shan kashi to sai sallama."

7/ Amma fa idan maigida ne ke faɗa wa yaron shagonsa da ya saba makara, ba ruwansa da rijiya. Cewa zai yi, "Kai, ka kusa kai ni bango." Mai wata ya kawo, a gwada ta a jimla tukuna.