Me ya sa mota mai jan ƙafa huɗu take saurin cin taya?

Direban Zariya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harkar mota. Ina da Toyota RAV4 ƙirar 2014, irin wadda aka rubuta AWD a bayanta, wato mai jan ƙafa huɗu, kuma yawancin tafiyata tsakanin Zariya da Kano ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda take cin taya, domin tayoyin da suke shekaru a Corolla ɗin da na rabu da ita, a wannan motar kafin shekara ta zagayo sun sude. Na gaba suna cinyewa ta tsakiya, na baya kuma ta gefen ciki, alhali an yi mata alaimen, wato saitin ƙafafu. Tayoyin ba kamfani ɗaya ba ne, saboda duk wadda ta lalace ita kaɗai nake canzawa. Wani ya ba ni shawara in cire farfelar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, wai haka zai rage cin taya da shan mai. Shin halin irin waɗannan motoci ne, ko akwai wata matsala da ya kamata in nema?

Tsohon Bakanike:

Wa'alaikumus salam, Malam. Tun da ka lura da inda kowace taya take cinyewa, ka riga ka yi rabin binciken. Tayar da ta sude ta tsakiya, gefunanta kuwa suna nan da zanensu, iska ce ta yi mata yawa. Masu faci da dama suna bugawa har 45 ko 50, wasu ma da gejin da ya daɗe da lalacewa, alhali abin da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba yawanci tsakanin 32 ne da 35 a irin waɗannan motoci. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba ita ce awon da ya dace da motarka ba. Ka sayi geji naka, ka riƙa aunawa da safe kafin ka hau titi, domin zafin kwalta, musamman a watannin Maris zuwa Mayu, yana ƙara wa iskar ƙarfi.

Cin gefen ciki a baya kuwa wani abu ne daban. Motarka kowace ƙafar baya tana da nata hannaye da bushin, wato robobin da ke gaɓoɓin hannayen, saboda haka tana iya gocewa kamar yadda ta gaba take gocewa, amma a gareji da yawa ƙafafun gaba kawai ake saitawa a ce an gama alaimen. Idan ramuka da tuddan rage gudu suka cinye bushin ɗin baya, ko kuma kana yawan yi mata lodi har ta tsuguna, sai ƙafar ta karkata, nauyi ya koma kan gefen ciki. Ka sa a ɗaga motar a duba bushin da shoka tukuna, a canza abin da ya mutu, sannan a yi alaimen na ƙafa huɗu da na'ura. Saitin da aka yi a kan mataccen bushin ba ya wuce ramin farko. Ka kuma shafa tafin hannunka a kan tayar: idan ka ji tudu da kwari a jere, shoka ce ta gaji.

Injiniya daga Kaduna:

Na yarda da duk abin da Baba ya faɗa, sai dai a ganina babbar matsalar tana cikin jimlar da Malam ya faɗa a taƙaice, wato canza taya ɗai-ɗai. A mota mai jan ƙafa biyu wannan ba ya yin illa sosai, amma a AWD ƙafafun gaba da na baya a haɗe suke, kuma an ƙera tsarin ne bisa cewa duka huɗun suna juyawa kusan daidai. RAV4 irin taka da ƙafafun gaba take tafiya a mafi yawan lokaci, sai kwamfutarta ta ga na gaba suna juyawa fiye da na baya, sannan ta ɗauka santsi ne ta tura ƙarfi baya. Idan girman tayoyin ya bambanta, tana iya ganin wannan bambanci ko a kan busasshiyar kwalta, sai wata taya ta riƙa ɗan jan ƙasa, na'urar da ke haɗa gaba da baya kuma ta riƙa ɗaukar zafi.

Ga misali da lissafi. Tayar da aka saba sa wa motar ita ce 225/65 R17, wadda tsayinta ya kai kimanin milimita 724. Idan aka sa 235/65 R17 a wata ƙafar, wadda mai sayarwa zai ce maka ai duk rim 17 ne, tsayinta kimanin milimita 737 ne. A kowace kilomita ƙaramar za ta juya kusan sau 440, babbar kuma sau 432. Ko lambar ɗaya ce, sabuwar taya mai zurfin zane kusan milimita 8 ba daidai take da wadda ta kusa sudewa ba, shi ya sa kamfanin Subaru yake nanata cewa tayoyin motocinsa huɗu su kasance iri ɗaya, masu zurfin zane kusan ɗaya. Maganin shi ne a riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, bayan kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000, domin su tsufa tare.

Batun cire farfela kuwa ban goyi baya ba. Ba zai gyara karkatacciyar ƙafa ba, ba zai rage iskar da ta yi yawa ba, kuma duk aikin ja zai dawo kan tayoyin gaba, waɗanda dama su ke ɗauke da inji da sitiyari da mafi yawan birki.

Mai Hilux:

Ina so in ƙara bayani ga masu karatu, kada a haɗa AWD da fowil na Hilux, wato jan ƙafa huɗun da direba ne yake sa shi da hannunsa. Shi fowil ɗin yana kulle gaba da baya ne gaba ɗaya, don haka na yashi ne da taɓo. Wanda ya manta shi a 4H, wato giyar fowil ɗin, ya hau kwalta zai ji sitiyari yana yin tauri a kwana, tayoyi suna gurzar ƙasa, kuma ɓarnar ba a taya kaɗai take tsayawa ba.

Mai shagon taya a Kano:

Alhaji, akwai abin da ba a taɓo ba, wato irin tayar da kake saya. Da yawa daga cikin tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su daga Turai na lokacin sanyi ne, kuma za ka gane su da hoton dutse mai ƙanƙara a ciki a gefen tayar. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don ƙasa mai sanyi, saboda haka ko zanenta ya yi kyau a ido, zafin hanyar Kano zuwa Zariya zai cinye ta da wuri, balle a ƙarƙashin mota mai nauyi irin taka. Ka kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: idan ka ga 3521, an ƙera ta a mako na 35 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kuma tsohuwar roba tana tsattsagewa ko da ba a taɓa hawa kanta ba.

Idan kuɗin huɗu bai samu ba a lokaci guda, ka sayi biyu na kamfani ɗaya, lamba ɗaya, zane ɗaya, ka sa su a baya, mafi kyawun biyun da suka rage kuma su koma gaba, da sharaɗin lambarsu ɗaya da sababbin kuma zanensu bai yi ƙasa sosai ba. Amma ka fara gyara bushin da alaimen kafin ka sa su, in ba haka ba gefen cikinsu ma zai tafi kamar na baya.