Ramin gas na kashin shanu a ƙauyukan Marwa, arewacin Kamaru: wane girma ya dace?

Malam Buba: Assalamu alaikum. Gida mai mutum takwas da shanu shida, da rana suna kiwo, sai dare suke turke. Rijiya kan ja baya tun daga Maris. Wane girman rami za a gina, kuma ina aka fi yin kuskure?

Injiniya Sali, Garwa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka auna da yawan mutanen gida, auna da kashin da kuke kwashewa kowace safiya. Ku cika bokiti ku ɗora a sikeli kwana bakwai. Kilo ɗaya na ɗanyen kashi yana ba da gas wajen lita 40. In kun sami kilo 25, lita 1,000 ke nan, girkin awa biyu da rabi zuwa uku a murhu ɗaya. Rami mai cin lita 4,000 ya isa. Babban rami da ɗan kashi asarar siminti ce.

Dama bokitin kashi da bokitin ruwa har ya yi kaurin kunu, a tsince ciyawa da tsakuwa. Busasshen kashi tasowa yake sama ya yi ɓawo ya toshe gas. Cikon farko a bar shi sati biyu zuwa uku; gas ɗin farko ba ya kamawa, a sake shi a fili, nesa da wuta.

Hajiya Dudu: Injiniya, ruwan fa shi ne damuwar. Da bazara a tari fitsarin shanu, a kuma tace ruwan takin da ke fitowa a rage da shi. Ruwan wanki mai Omo kuwa kada ya shiga, haka kashin saniyar da ake wa allurar magani, don suna kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da kashin.

Magini Hamadu, Marwa: Malam, dubi ƙasar tukuna. Karal, ƙasar laka inda ake noman muskuwari (dawar rani), kumbura take da damina ta tsage da rani, ita ke fasa kumbon da ya rufe saman ramin. Nemi tudu mai jigawa, ko ka kewaye ginin da yashi. Bututun gas ya ɗan gangara, da ƙaramin famfo a wuri mafi ƙasa, a riƙa tsiyaye ruwa duk sati. Wuta na tsalle tana mutuwa? Ruwan nan ne. Da hunturu gas kan ragu, a lulluɓe saman da kara, a dama kashin da ruwan da ya sha rana.