Tiram ɗin Ramli a Iskandariyya: abin da masu hawansa suka gani

Wanda ya buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Masar. Hukuma ta ƙuduri sabunta tiram ɗin Ramli, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin birnin Iskandariyya, wanda ya fara aiki a 1863 dawakai na jan sa, kafin a sa masa lantarki a 1902. Tsarin ya tanadi tashoshi 24 a kan kilomita 13 da 'yan kai, za a ɗaga wani sashe na layin bisa gada, tafiyar awa guda kuma ta koma minti 35. Ina roƙon waɗanda suka saba hawansa su faɗi abin da suka gani.

Ɗalibi a unguwar Shatibi:
Wa alaikumus salam Malam. Na daɗe ina hawansa daga unguwar Sidi Jabir zuwa jami'a, kuma a ganina tsufan taragun ba shi ne babbar matsala ba. Abin da ya riƙa cinye mana lokaci shi ne mahaɗar layin da titunan mota, inda jirgin kan tsaya cik har sai motoci sun ba shi hanya, wani lokacin mai tafiya a ƙasa ma ya wuce mu. Saboda haka gadar ce ta fi burge ni, domin sabon tarago a kan tsohuwar mahaɗa ba zai rage komai ba.

Uwargida a unguwar Fiktoriya:
Ɗana, maganarka gaskiya ce, amma ku matasa sauri kuke dubawa. Ni abin da ya riƙe ni shi ne taragon mata, da arhar tikiti, da kusancin tashoshi, ta yadda tsohuwa za ta sauka dab da ƙofar gidanta. Na ɗanɗana wahalar da ta biyo bayan dakatar da jirgin ƙasan da ke zuwa yankin Abu Ƙir a 2024 domin mayar da shi metro, wato jirgin birni mai sauri: jama'a suka koma kan ƙananan bas da ake kira mashru'u, samun kujera da safe ya zama kokawa. Shekarun aikin nake tsoro, sannan kuɗin da za a yanka bayan an gama.

Ɗan kasuwa mai zuwa sari:
Hajiya ta taɓo inda ya dame ni. Na saba hawa tarago mai bene duk lokacin da na zo daga Alƙahira, ina fata za a adana ko guda ɗaya. Shin akwai wanda ya ji inda aka kwana game da farashin tikiti?