Kamantawa da siffantawa, da batun zamunan adabi

Ɗalibar aji biyu, babbar sakandare:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina shirin jarrabawar adabin Hausa, amma har yanzu na kasa rarrabe kamantawa da siffantawa, domin a ganina duk kwatance ne. Haka kuma malaminmu ya ce mu san zamunan da rubutaccen adabi ya ratsa. Shin haddar shekaru ake nufi, ko akwai abin da ya wuce haka?

Malamin Hausa mai ritaya:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Idan kika ce "Sarkin yaƙi kamar zaki yake," kin yi kamantawa, saboda kalmar "kamar" ta tsaya tsakanin mutumin da dabbar, kuma haka abin yake da "tamkar" da "awa" da "ya fi". Idan kuwa kika ce "Sarkin yaƙi zaki ne," kin cire wannan kalma kin ɗora masa zakin gaba ɗaya, wannan ita ce siffantawa. Saboda haka duk baitin da aka ba ki, ki fara neman kalmar kwatance. In babu ita, sai ki duba abin da aka mayar da wani abu. Idan aka ce "yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa," an ba abin da ba mutum ba aikin mutum, wato mutuntarwa, kamar yadda "maigida ya yi ta gurnani" yake dabbantarwa, wato ba mutum halin dabba. Na shekara da yawa ina duba takardun yara, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a rubuta sunan adon harshe daidai, amma a kasa faɗin abin da ya ƙara wa waƙar. Mai duba takarda yana so ya ji dalilin da ya sa mawaƙi ya zaɓi zaki bai zaɓi kura ba.

Ɗalibin jami'a:
Ƙanwata, game da zamuna, shekarun suna da amfani ne idan sun bayyana miki dalilin sauyin jigo da salo. Waƙoƙin masu jihadin 1804, irin na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u, an rubuta su da ajami, jigonsu wa'azi da ilmantarwa, kuma sun ɗauki kari (ma'aunin waƙa) da amsa-amo (daidaiton sautin ƙarshen layuka) daga waƙar Larabci. Ƙagaggun labarai na boko kuwa sun samo tushe daga gasar da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Idan kika lura za ki ga yawancinsu sun jingina da tatsuniya da labaran baka, domin abin da marubutan suka tashi da shi ke nan.

Malama mai koyar da adabi:
Na yarda da bayanin ɗan uwa, sai dai ya tsaya da wuri. Daga shekarun 1980 matasa, da yawansu mata, sun riƙa buga littattafansu da kansu, aka kira abin Adabin Kasuwar Kano. Ina jan hankalinki cewa marubuta da dama ba su karɓi sunan ba, suna ganin raini ne, don haka a amsarki ki nuna cewa laƙabi ne da manazarta suka yi jayayya a kansa. Kada kuma ki ce jigonsu soyayya ce kurum, alhali rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu sun taɓo auren dole da zaman kishi.

Ɗalibar aji biyu, babbar sakandare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, to "ya fi zaki ƙarfi" ita ma kamantawa ce ke nan, tunda akwai kalmar fifiko a ciki?