Neman kalma: inda injin keken lantarki ke daina taya mutum

Binta: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da safe zan karanta rahoto a rediyo kan muhawarar sassauta dokar keken lantarki, wato a ƙara gudun da injinsa ke taya mutum, kalma ɗaya ta tsaya mini. A Tarayyar Turai da Birtaniya injin yana taya mutum ne muddin yana murza feda, da an kai kilomita 25 a awa sai ya ɗauke. A Amurka galibi sai 32, akwai ajin keken da ke kai 45. Me zan kira wannan iyaka?

Malam Sani: Iyakar gudu mana, ƙanwata.

Binta: Malam, ba za ta yi ba. Mai ƙarfin ƙafa ko wanda ya samu gangara yana wuce 25, doka ba ta hana shi ba, inji ne kawai ya sakar masa. In na ce iyakar gudu, za a ɗauka tara ake cin wanda ya wuce.

Auwalu: Iyakar tallafi?

Hajiya Rabi: Tallafi kunne ya saba jin sa a kan kuɗi. Ki ce gejin ɗauki. Ɗauki ai wanda ke cikin aiki ake kai wa, kuma haka injin yake, sai ka taka yake kama maka. Shi ya bambanta shi da babur mai totur.

Baba Ilu: Geji ba Hausa ba ce, feda ma haka. Na jima ina kiran wannan keke Turau, tunda tura ka yake. Iyakar kuwa matsayar Turau. Feda a ce mataki.

Auwalu: Baba, in ta ce an murza mataki wa zai gane? Birki da batir da lantarki duk aro ne, kuma kanikawa ba su taɓa kuka da su ba.

Baba Ilu: Da irin wannan sakaci harshe ke zama bara. Ku 'yan boko kun fi jin kunyar kalmar gida.

Auwalu: Allah ya huci zuciyarka, Baba, amma a gareji na ji su, ba a aji ba.

Malam Sani: Ni batun ma ya fi damuna. Mai keke na yau da kullum tsakanin 15 da 20 yake tafiya, 25 ta riga ta fi ƙarfinsa. Daga 25 zuwa 32, nisan da birki ke bukata ya ƙaru da fiye da rabi. Japan ma a 24 take yankewa.

Hajiya Rabi: Masu son ƙarin su ma suna da hujja. Wai in ka yi daidai da motoci a titin gari, ba za a riƙa wuce ka ana matse ka gefe ba. Binta, ki faɗi ɓangarorin biyu.

Baba Ilu: Har yanzu ba wanda ya faɗi aibin Turau.

Hajiya Rabi: Aibinsa, Baba, mai tura ba ya jiran ka taka.

Binta: Na gode. Zan ɗauki gejin ɗauki, karon farko in bi shi da bayani: gudun da inji ke daina taya mai keke. Turau zan sa shi a tambayar masu sauraro.

Baba Ilu: To, a sa. Amma geji ban yarda ba, ko iyakar ɗauki ki ce.