Birkin tsohuwar Hilux yana shanyewa a Hawan Kibo: in mayar da na baya diski?

Mai Dankali:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da akori-kura, Hilux ƙirar 1994, mai injin dizal 2.8 da ake ce wa 3L. Da ita nake ɗauko dankalin turawa daga Bokkos ina kaiwa Mararaba, ke nan dole in bi ta Riyom in gangara Hawan Kibo da lodi. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, birki ne ya hana ni sukuni.

Ga yadda yake yi. In babu kaya, a cikin gari, yana kamawa daidai gwargwado. In na yi lodi na kama gangara, da farko ba laifi, amma kafin in kai ƙasa sai in fara jin warin ƙuna daga tayoyin gaba, sai ƙafata ta riƙa nutsewa har sai na buga sau biyu ko uku kafin ya kama. Ranar Talata ya tafi ƙasa gaba ɗaya, Allah ya sa gabana babu kowa, na samu na raɓe gefen titi. Da motar ta huce sai birkin ya dawo kamar ba shi ba. Na kai hannu kusa da rim ɗin gaba, ba ya taɓuwa don zafi. Na baya kuwa ɗumi kawai.

Abin da aka yi wa motar tun da na saye ta: an ƙara mata sifirin a baya saboda kaya, an kuma sa mata manyan tayoyi, 265/75R16, a maimakon 205R16 da na same ta da su. Fad ɗin gaba, wato abin da ke matse diskin birki, ban daɗe da canzawa ba.

Wani ya ce in cire durom ɗin birkin baya in sa diski, in kuma sa babban masta na Land Cruiser, wato famfon da ke tura man birki in an taka. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Wanda ya san aikin nan ya taimaka min da shawara, don yaron motata ɗan yayata ne, amana ce a hannuna.

Baba Bakanike:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, ɗana. Kada ka sayi komai tukuna. Kai da kanka ka faɗi ciwon motar: gaba zafi, baya ɗumi. Birkin bayanka ba ya aiki, ko kuma kaɗan yake yi, gaba ne ke ɗauke da nauyin duka. Ko a mota mai lafiya gaba ne ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin, balle an bar masa shi kaɗai da lodin dankali a gangara.

Ka shiga ƙarƙashin motar ta baya. A jikin shasi za ka ga wani bawul da bututun man birki ya bi ta cikinsa, da wani dogon siririn ƙarfe da ya taso daga gare shi ya je ya kama aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Wannan bawul shi ke auna kaya. In ka yi lodi, bodi ya zauna, ƙarfen ya tura bawul, sai ya saki mai da ƙarfi zuwa birkin baya. In babu kaya, ya rage ƙarfin, don kada tayoyin baya su ƙulle motar ta juya da kai. To kai ka ƙara sifirin. Bayan motar ya ɗaga, kuma ko ka loda ta ba ta zama kamar da. Bawul ɗin yana ganin motar wayam take, alhali tana ɗauke da kaya maƙil. Sau da yawa ma sai ka tarar ƙarfen ya tsinke, ko an cire shi lokacin aikin sifirin ba a mayar ba, ko tsatsa ta kafe bawul ɗin. Maganinsa a ɗaga wurin da ƙarfen ya kama aksil daidai da tsawon da motar ta ƙaru, sannan a saita. Kada ka yarda wani ya ɗaure maka shi a buɗe gaba ɗaya. Ranar da kake dawowa ba kaya, ga ruwan saman Filato, bayan motar zai riga gabanta.

Daga nan a cire durom biyun a gani da ido. Waɗannan motoci in sun tsufa silin aksil, wato robar da ke tare mai, yakan saki, man giya ya jiƙa lainin, abin da ke gogar durom ta ciki ya tsayar da taya. Lainin da ya sha mai ba a wanke shi, canzawa ake yi, tare da silin, a kuma buɗe ɗan ramin da aksil ke shaƙar iska ta sama, don toshewarsa ce ke turo man waje. Birkin hannunka yana aiki? Na tambaya ne don a wannan motar jan birkin hannu ne ke matso da lainin kusa da durom yayin da yake cinyewa. Wanda ya bar birkin hannu ya mutu, yana sa dutse a taya, birkin bayansa ma a hankali yake mutuwa.

Nutsewar ƙafa kuma, man birki ne ya tafasa. Shanyewar birki iri biyu ce, ya kamata kowane direba ya bambance su. In ka taka ka ji shi da tauri amma mota ba ta tsayawa, fad ne ya ƙone. In ka taka ya tafi ƙasa, da ya huce ya dawo, mai ne ya tafasa ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Man birki yana shan damshi daga iska. Man birki mai lambar DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Selsiyos kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa 140. DOT 4 sabo 230 ne, wanda ya sha ruwa 155. Shi ya sa ake cewa a zubar da shi duk shekara biyu, mu kuwa ƙari kawai muke yi a kan tsohon har ya koma baƙi. Ka zubar da shi duka, ka sa DOT 4 daga gwangwanin da kai ka fasa da hannunka, ba na cikin buɗaɗɗiyar kwalba ba. Kada ka ga DOT 5 ka ɗauka ya fi, shi na silikon ne, ba ya haɗuwa da waɗannan. Wajen fitar da iska a fara da tayar da ta fi nisa da masta, kuma a tuna shi ma bawul ɗin can yana da nasa wurin fitar da iska, yara suna yawan tsallake shi. Tiyo na roba da ke zuwa tayoyi, in tun na 1994 ne, su ma su tafi. Sukan kumbura in an taka, wasu kuma su ruɓe ta ciki su riƙe fad yana gogar diski kana tafiya.

Maganar babban masta ba na goyon bayanta. Mutane suna ɗauka in ya fi girma ya fi ƙarfi, kuma ba haka ba ne. In faɗin bakinsa ya tashi daga 15/16 na inci zuwa inci 1, ƙarfin da ke isa taya da takun ƙafa iri ɗaya yana raguwa da fiye da kashi 10 cikin 100. Za ka ji birki ya yi tauri, ka ɗauka ya gyaru, alhali wahala ka ƙara wa ƙafarka. Ana sa shi ne idan an sa manyan kalifa, wato maƙatan da ke matse fad a jikin diski, masu buƙatar mai da yawa.

Direban Gembu:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni abu biyu zan ƙara, a matsayina na mai hawa da sauka Mambila da irin motar nan.

Malam, da wace giya kake sauka? Giyar da za ka hau tudu da ita da wannan lodin, ita za ka sauka da ita. Mu daga sama muke sa lamba biyu, wani wurin ma ɗaya, inji ya riƙe motar. Birki kuma takawa ake yi sosai a rage gudu, a saki ya sha iska, ba a ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa ba. In gudunka ya ninka, zafin da birki zai haɗiye kafin ka tsaya ninki huɗu ne. Masu sakin mota a firi don tsimin mai, Allah ya shirye su. Kuma in ka tsaya birki na hayaƙi kada ka watsa masa ruwa, diskin zai lanƙwashe ko ya tsage.

Na biyu, kada ka ji haushina, motar nan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Ƙarin sifirin yana hana ta zama ne kawai, bai ƙara wa birki komai ba. Kai ka san nauyin buhunka, ka yi lissafi.

Abu Hafsat:

Ban ƙi ta Baba ba, amma ina ganin akwai wurin da kashe kuɗi ke da amfani, gaba ne ba baya ba. Ka leƙa diskin gabanka. In falle ɗaya ne, ka nemi mai rami a tsakiya wanda iska ke ratsawa, tare da kalifar da ta dace da kaurinsa. Ni na yi wa tawa haka, kuma a gangara na ga bambanci ƙwarai, don yana saurin hucewa. In kuma da ma mai ramin ne, a auna kaurinsa. Ana buga iyakar cinyewarsa a jikinsa, in ya kai nan ya gama aiki, siririn diski ba ya ɗaukar zafi. In Beljiyam za ka saya ka tafi da abin awo, ka kuma gwada rim ɗinka a kai kafin ka biya.

Diski a baya ni ma ban ba ka shawara ba. Yawancin masu yin sa a nan walda suke yi wa mariƙin kalifa, kuma birkin hannu ake rasawa. Motar da ke tsayawa a tudu da kaya ba ta rabuwa da birkin hannu.

Tayoyin nan naka ma suna cikin masu laifi. 205R16 tsayinta wajen milimita 734 ne, 265/75R16 kuwa 804. Kusan kashi 10 cikin 100 ke nan ka rage wa birkinka, ka kuma rage yadda inji ke riƙe motar a giya.

Mai Dankali:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, yau da safe muka ɗaga ta. Ƙarfen da ka ce yana nan, amma ba ya kama komai, an naɗe shi da waya an ɗaure a jikin shasi. Durom na hagu da muka cire, lainin ya yi baƙi ƙirin yana naso, man giya har ya taru a ƙasan farantin. Na dama a bushe yake amma ya yi nisa da durom. Birkin hannu kuwa tun da na sayi motar bai taɓa riƙe ta ba. Diskin gaba mai rami ne, sai dai ya yi kalar shuɗi, gefensa ya yi baki har farce na maƙalewa. Na fasa maganar diskin baya da masta. Tayoyi in waɗannan sun cinye zan koma ƙanana.

Saura tambaya ɗaya, Baba. Wani lokaci in na taka sau uku a jere a cunkoso sai birkin ya yi tauri kamar dutse. Shi ma man ne?

Baba Bakanike:

A'a, wannan busta ne, wato abin da ke ƙara wa takun ƙafarka ƙarfi, ko abin da ke zuƙe masa iska. Injin dizal ba ya zuƙe iska daga busta da kansa kamar na fetur, akwai ɗan famfo a bayan altaneta da ke yin aikin. Gwada haka: ka kashe mota, ka taka birki sau biyar har ya yi tauri, ka riƙe ƙafarka a kai, ka tayar da inji. In ƙafar ta ɗan nutse, busta na aiki. In ba ta motsa ba, ka bi tiyon daga busta har famfon ka nemi tsaga, ka duba ɗan bawul ɗin da ke kan hanyar, sannan a gwada famfon kansa, musamman in an taɓa canza maka altaneta.

Diskin da ya yi shuɗi ka canza su biyun tare da sabon fad mai kyau, wanda kake da shi ya riga ya ƙone. In an gama kada ka yi lodi a ranar. Ka samu miƙaƙƙen titi ba kowa, ka kai gudun kilomita 60 a awa ka rage zuwa 10 ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas, sannan ka yi tafiya ya huce. Bayan nan ka loda rabin kaya ka gwada a fili, ka kai hannu kusa da rim na baya ka ji ko sun fara ɗaukar zafi. In sun ɗauka, ka faɗa min, sai mu yi maganar saitin bawul da cikakken lodi.