Neman shawara: na sayi kwamfuta, waɗanne manhajoji zan saka, kuma a ina zan riƙa karanta labarai?

Baban Hafsat, Tudun Wada

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Zariya, ina koyar da Hausa, kuma makon jiya Allah ya hore mini na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a wani shago da ke Sabon Gari. Kafin in ɗauko ta, yaron shagon ya ce zai cika mini ita da manhajoji, na ƙara masa kuɗi a kan haka, ya kuwa cika ta da abubuwan da ban san ko sunan rabinsu ba. Yau kwana biyar ke nan, duk lokacin da na buɗe Word sai wani jan rubutu ya fito a sama yana cewa ba a kunna lasisin manhajar ba, sannan datar da na saya ta wata guda ta ƙare cikin kwana uku ba tare da na kalli bidiyo ko ɗaya ba.

Buƙatata ba ta da yawa. Ina so in riƙa buga tambayoyin jarrabawa da takardun darasi da ingantacciyar Hausa, da haruffa masu ƙugiya, domin bai dace malamin Hausa ya miƙa wa ɗalibai takardar da ba a bambanta kafa da ƙafa ba. Ina kuma so a nuna mini shafukan da zan riƙa samun labarai na gaskiya, saboda na gaji da abin da ake turowa a zaurukan WhatsApp. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniya Samaru

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka, ya sa ta zama mai amfani. Abin da yaron shagon ya saka maka kwafin sata ne na Microsoft Office, wanda aka fasa makullinsa, kuma illarsa ba ta tsaya ga jan rubutun nan ba: kafin irin waɗannan manhajoji su zauna, yawanci sai an kashe garkuwar kwamfutar, kuma sau da yawa akwai ƙwayar cuta a ɓoye cikin abin da aka fasa makullin da shi. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka cire kafin ka ƙara. Ka shiga Settings, ka je sashen Apps, ka goge Office ɗin da duk wata manhaja da ke iƙirarin tana ƙara wa kwamfuta sauri ko tana share mata shara, sannan ka buɗe Windows Security ka tabbatar Microsoft Defender yana aiki. Shi wannan tare da Windows yake zuwa, ba a biyan ko kwabo, kuma ya ishi mai irin aikinka.

A madadin Office, ka saukar da LibreOffice daga shafin masu ita. Kyauta ce ta halal, wata gidauniya mai suna The Document Foundation ce take kula da ita tun 2010, kuma tana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint, tana kuma adana aiki a tsarinsu. Bayan ita, Firefox ko Chrome don shiga intanet, VLC don sauti da bidiyo, 7-Zip don buɗe fayil ɗin da aka dunƙule, da SumatraPDF don karanta littattafai, domin ba ta da nauyi ko kaɗan. Ka'idar ɗaya ce: kowace manhaja daga shafin masu ita za a ɗauko ta ko daga Microsoft Store, ba daga filashin wani ba.

Game da data kuwa, kusan tabbas Windows ce ta shanye ta wajen sabunta kanta. Idan ka haɗa kwamfutar da wayarka, ka shiga bayanan wannan haɗin a sashen Network ka kunna Metered connection, to za ta rage saukar da manyan abubuwa a bayan idonka. Amma kada ka daina sabuntawa gaba ɗaya, ka ware rana ka yi ta a inda intanet ke da araha. Ka kuma duba wace Windows ce a kai, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma yawancin tsofaffin kwamfutocin da na'urarsu ta sarrafa bayanai, wato processor, ta kamfanin Intel ba ta kai zubi na takwas ba ba sa cikin waɗanda aka amince su hau Windows 11. Idan taka na cikinsu, ka faɗa mini, akwai Linux Mint, tsarin kyauta da ake sakawa a madadin Windows, amma wannan wata magana ce.

Malama Kongo

Malam, barka da arziki. Na yarda da kusan duk abin da Injiniya ya faɗa, sai dai ina da gyara a kan LibreOffice, domin na sha wahalarsa lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu. Takardar da aka tsara da ita, musamman mai jadawali da lambobin shafi, takan ɗan sauya fasali idan aka buɗe ta da Word a shagon buga takardu, har tambaya ta biyar ta tsallaka shafi na gaba ta bar zaɓuɓɓukanta a baya. Maganin shi ne, da ka gama rubutu ka mayar da takardar PDF kafin ka kai ta wurin bugawa, domin PDF ba ya motsi a kowace kwamfuta. Idan kuma hukumar makaranta ta nace sai takardar Word, akwai Word na kan intanet wanda ake amfani da shi kyauta da asusun Microsoft.

Batun haruffa masu ƙugiya shi ne ya sa na tsaya yin wannan rubutu. Windows tana da allon rubutu na Hausa a cikinta, sai dai masu shago ba sa kunna shi. A sashen Time and language ake ƙara harshen Hausa, daga nan kuma maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara ne ke sauya ka daga Turanci zuwa Hausa. Akwai kuma Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL, wadda aka yi domin harsuna irin namu. Idan kana cikin gaggawa a kwamfutar da ba taka ba, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, zai koma ƙ. 0257 na ba da ɗ, 0253 na ba da ɓ, kuma wannan dabara tana aiki a Word da LibreOffice duka. Na rubuta lambobin nan a ɗan ƙyallen takarda na manna a gefen allona shekara biyu kafin in haddace su. Ka kuma zaɓi salon rubutun da ya san waɗannan haruffa, kamar Charis SIL, in ba haka ba za ka ga ƙ ɗinka ya fi sauran haruffan kalmar girma ko ya karkace shi kaɗai kamar baƙo.

Dattijo Ƙofar Doka

Salamu alaikum. Ni ban san harkar manhaja ba, jikokina ne suke yi mini, amma na daɗe ina bin labarai, don haka bari in ce wani abu a kan tambaya ta biyu. Malam, kai da ke zaune a Tudun Wada, maƙwabcin kamfanin Gaskiya ne, kuma a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita. Abin da ya sa iyayenmu suka amince da jarida shi ne an san wanda ya rubuta, an san inda za a same shi idan ya yi kuskure. Da wannan ma'auni nake auna shafukan yau.

Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, yana da shafi, haka DW Hausa da RFI Hausa da TRT Afrika. A cikin gida akwai Aminiya ta kamfanin da ke buga Daily Trust, da Premium Times Hausa, da Leadership Hausa. Ba na cewa ɗayansu ba ya kuskure, kuma kowace kafa tana da inda ta karkata, musamman waɗanda gwamnatocin ƙasashen waje ke ɗaukar nauyinsu. Shi ya sa idan labari ya yi nauyi, kamar na tsaro a hanyar Kaduna ko na yajin aikin malaman jami'a, ba na kai shi majalisa sai na gan shi a wuri biyu da ba su da alaƙa da juna. Ka kuma lura da adireshin shafin da kyau, domin akwai masu ɗaukar tambarin BBC su manna a kan ƙaryarsu. Idan hoto ne aka turo, jikana ya nuna mini yadda ake saka shi a Google Lens a ga ranar da ya fara fitowa, kuma sau da yawa sai ka tarar tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Shafukan Dubawa da Africa Check su ma aikinsu ke nan, bin diddigin irin waɗannan maganganu.

Baban Hafsat, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na adana shafukan da ka lissafa a Firefox. Malama, na gwada 0199 ɗin, ƙ ya fito, har na kira uwargida ta zo ta gani. Injiniya, na goge manhajoji goma sha ɗaya, na saka LibreOffice, na kuma duba kamar yadda ka ce: Windows 10 ce a kai, na'urar kuma Core i5 ce zubi na shida. Tunda haka ne, ina roƙon ka yi mini bayanin Linux Mint ɗin, musamman ko allon rubutu na Hausa zai yi aiki a kanta, kuma ko firintar makarantarmu za ta gane ta, domin jarrabawar zango saura mako uku.